Taurin Sitiyari a Hanyar Miga

Tun da muka dawo daga ƙasar Miga ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya shigo shagona a Yalwawa, ko ɗinki ya kawo ko inuwa ya zo sha, sai ya gyara zama ya ce, "Wai kai da Baba a mota ɗaya, ku biyu rak? To me kuka ce wa juna?" Na ba abokina Sabi'u labarin, ya je ya ƙara masa gishiri har da cewa kura ta bi mu. Shi ya sa na ga gara in rubuta da kaina, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in ci gaba da taka kekena.

Ga wanda bai san gidanmu ba, ni ne ɗan fari, Baba kuwa mutumin da ne, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ba ya zama inda nake zaune, ba ma cin abinci a kwano ɗaya, in kuma yana da magana da ni sai ya dubi bango ko darbejiyar ƙofar gida ya faɗa, ni kuma in tsinta. Ƙannena kuwa tsiya suke yi masa yana dariya. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi wa 'yan fari da dama, amma ba zan ce abin ba ya cin raina wani lokaci ba.

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa wa masu haƙa rijiyar burtsatse, babu lungun da bai shiga ba a ƙasar nan tamu. Da ya ajiye aiki sai ya sayi tsohuwar jif a gwanjo, irin mai ja da ƙafa huɗu, yana kai wa mutane kaya ƙauyukan da ƙananan motoci ba sa iya shiga. Shi ke wanke ta, shi ke duba mata mai da ruwa kowace safiya, kuma tun da ta shigo gidanmu babu mahaluƙin da ya taɓa zama a kujerar direba in ba shi ba. Ni kaina da na so koyon tuƙi, wajen tsohon yaron motarsa ya tura ni, Malam Habu, wanda yanzu ke da gareji a Kafin Hausa.

Ƙanwata Rabi ce ta haɗa tafiyar. Ta same ni a shago ƙarshen damina, ta ƙi zama, ta ce, "Yaya, ka ga gefen ƙofar gida kuwa? Baba ne ya goge shi da mota, kuma ba sau ɗaya ba. Ya ce wai sitiyari ne ya yi tauri. Jibi zai kai wa auta kayan abinci makaranta a Kafin Hausa, daga can ya wuce ƙauye wajen Gwaggo Tabawa. Ka bi shi ka gani da idonka. In mota ce, a gyara. In kuwa shi ne, dole a karɓi makullin nan kafin ya ɗauki ran wani ko nasa. Kai ne babba."

Na ce, "Ni? Ni da ko ido ba ma haɗawa?"

Ta ce, "Shi ya sa ma. Kai ba zai iya yi maka faɗa ba."

Karɓar makulli daga hannun Baba ba ƙaramin abu ba ne. Motar nan ce ke tashinsa da safe, ita ke sa a yi sallama da shi a ƙofar gida, a ce Malam ko za a samu shiga wuri kaza. Na tafi ina roƙon Allah a zuciyata laifin ya zama na mota, ko da kuwa gyaran zai cinye mini ɗinkin sallar bana gaba ɗaya. Da Rabi ta gaya masa ina son in bi shi in gaida Gwaggo, sai ya dubi tayar gaba ya ce, "Mai zuwa ya shirya da wuri, ba na jiran kowa."

Da sassafe muka tashi. Na so in lallaɓa kujerar baya, sai na tarar an cika ta da buhun gari da galan ɗin mai da kwalin dabino na tsaraba, dole na zauna gaba kusa da shi, na juya fuskata waje kamar an ba ni aikin ƙirga gonaki. Gero ya nuna, wasu har sun fara girbi, riɗi kuma an yanke an jingina shi tsaye a gonaki yana shan rana. Ba mu yi nisa da Dutse ba na ji motar tana karkata hagu a hankali, Baba yana dawo da ita. Ya yi tsaki ya ce wa gilashin gaba, "Ga shi nan. Hagu take ja, in an zo juyawa kuma sai ta ƙi." Na ce wa tagar da ke gefena, "Ko iskar taya ce?" Da muka shiga Kiyawa sai ya ratse wajen mai faci.

Mai facin nan dattijo ne mai furfura a gemu, bakinsa ba ya hutawa. Kafin ya sunkuya har ya ba mu labarin rikicinsa da maƙwabcinsa mai shayi, wanda ke zubo masa ruwan wanke kofi a ƙarƙashin injin hura taya. Ya sa gejin auna iska a tayoyin gaba ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗago yana murna kamar ya tsinci abu, ya ce, "Alhaji, ai ga ɓarauniyar nan! Ta hagu ta sha ƙasa. Tayar da iskarta ta ragu ita ke jan mota wajenta, kuma ita ke sa sitiyari nauyi. Mutane sai su tafi neman ciwo cikin inji, alhali yana nan a ƙasa." Ya watsa ruwan sabulu, kumfa ta tashi a wuri ɗaya, ya zaro wata 'yar ƙusa ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Wallahi na ji daɗin ganin ƙusar nan fiye da yadda zan iya faɗa. Na zagaya bayan rumfa na kira Rabi na ce mata taya ce, a kwantar da hankali, na sayi ƙosai mai zafi na ajiye a tsakanin kujerunmu. Baba ya ci, bai tambayi wanda ya saya ba.

Daɗin bai daɗe ba. Bayan mun wuce Jahun muka cim ma wani amalanken shanu ya ɗauko kara ya cika hanya. Baba ya rage gudu, ya kai hannun dama zai sauya giya, sai motar ta sulale hagu har na ga farin idon wani mai babur da ke tahowa. Baba ya saki giyar ya cafko sitiyari da dama ya dawo da ita. Mai babur ya wuce yana ɗaga mana hannu, ba na gaisuwa ba. Baba ya ce, "Ashe ba taya kaɗai ba ce. Sai Habu ya duba." Ni dai na lura da abu ɗaya. In hannayensa biyu suna kan sitiyari, mota tana tafiya sambal. Sai ya ɗauke na dama ne take fara yawo.

A wani shingen hanya muka tsaya, ma'aikatan duk sun san shi. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Baba Direba, yau har da fasinja a gaba? Wane ne wannan ya samu matsayi?" Baba ya ce, "Wani ne daga gida." Na saba da zama wani daga gida, sai na yi murmushi na gaishe su. Daga nan Baba ya sanar wa gilashi cewa mun bar ƙasar Dutse mun shiga ta Haɗeja, wai in mutum yana da hankali sai ya iya bakinsa, don mutanen nan ba sa ɗaukar raini. Ni ban ga alamar iyaka ba, sai dai masu tallan da ke rugowa wajen mota sun sauya kaya. Maimakon dabino da rake sai ga soyayyen kifi a faranti, an barbaɗe shi da yaji.

Kafin Hausa ta cika da ɗalibai, ko'ina babura da 'yan jakunkuna a baya. Muka sauke wa auta kayanta, ta rungume buhun gari kamar ɗan'uwanta, ta yi wa Baba ƙorafin cewa man da ya kawo ya yi kaɗan, ya biye mata suna ta ciniki. Daga nan muka wuce garejin Malam Habu. Habu yanzu babban mutum ne, da tumbi da furfura da masu aiki a ƙarƙashinsa, amma yana hango jif ɗin ya ajiye sifana ya taho da sauri ya durƙusa har ƙasa. "Maigida, sannu da hanya. Ina gajiya?"

Baba ya yi masa bayani, Habu ya tuɓe riga ya shiga aiki da kansa. Na tsaya kusa, don shi ya koya mini tuƙi kuma yakan yi magana yana aiki. Ya buɗe bonet ya duba man sitiyari, ya ce mini in ya yi ƙasa, ko ya yi baƙi yana ƙauri, ko ka ga kumfa a kansa, to nan za a fara zargi. Man yana nan daidai, ja garau. Ya danna bel ɗin da ke juya famfon sitiyari da babban yatsa, bai saki ba, kuma da aka tada inji bai yi ƙara ba. Ya bi robobin mai da hannu yana neman yoyo, hannunsa ya fito a bushe. Sai ya sa jak ya ɗaga gaban motar har tayoyin suka bar ƙasa. Ya kama taya ya girgiza ta gefe da gefe, ya ce in tairod ya ci, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, a nan za ka ji ƙwas-ƙwas. Ya girgiza sama da ƙasa saboda boljoyin, gaɓar da taya ke juyawa a kanta. Ya shafa bayan tayoyin ya ji ko gefe ɗaya ya fi cinyewa. Ya juya kowace taya da hannu ya ji ko burki na kama ɗaya, don shi ma yakan ja mota gefe. Duk abin da ya taɓa sai in ga fuskarsa ta ƙara yin nauyi.

Saura a juya sitiyarin kansa. A nan ne na ga abin da ya ba ni dariya da tausayi lokaci ɗaya. Habu, mai gareji guda, bai iya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar maigidansa ba. Daga waje ya tsaya ya zura hannu ta taga, ya murza sitiyarin har ƙarshen hagu, ya dawo da shi har ƙarshen dama. Da hannu ɗaya ya yi, ko nishi bai yi ba.

Baba ya ce, "Ka ji taurin ko?"

Habu ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "E to, Maigida, akwai ɗan abin da ba a rasa ba. Bari a sa giris."

Aka sa giris a duk inda giris ke shiga, har da inda bai nema ba. Kowane bakanike ya san gwajin ƙarshe shi ne wani ya hau motar ya zagaya da ita ya ji da hannunsa, amma duk garejin nan babu mai bakin da zai ce wa Baba kawo makulli.

A gidan Habu muka kwana, kuma a nan aka yi ƙaramin abin kunya. Matarsa ba ta san halin gidanmu ba, sai ta share ɗaki ɗaya ta shimfiɗa katifu biyu gefe da gefe, har da turaren wuta, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi a kwano ɗaya. Baba ya leƙa ya gani, ya ce shi zafi yake ji, a kai masa tabarma zaure. Aka raba tuwon biyu. Mutanen nan kifi suke sa wa komai, har na fara zargin ko a kunu ma suna sawa, amma gaskiya miyar ta yi daɗi, na ci na side hannu. Ni na kwana a ɗaki mai turare, mai gayya kuma ya kwana a zaure yana fama da sauro.

Da safe Habu ya ja ni wajen mai shayi. Ya daɗe yana juya cokali kafin ya ce, "Motar nan lafiyarta ƙalau. Ko tawa ba ta kai ta laushin sitiyari ba."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

Ya ce, "Haba! Mutumin da ya ɗauke ni ina wankin mota ya mai da ni mutum? In dube shi in ce masa me? Kai ne ɗansa, kai za ka faɗa."

Na ce, "Ni ma ai ka san yadda muke."

Ya ce, "To Allah Ya kawo mai faɗa." Muka shanye shayinmu.

Ƙauyen Gwaggo yana cikin ƙasar Miga, kuma ruwan bana ya cinye hanyar burjin da aka saba bi, sai aka nuna mana wata ta cikin gonaki, yashi ne zalla. A bakin yashin Baba ya tsaya ya ce wa iska a rage wa tayoyi iska, a kuma kulle ƙafafun gaba. Na sauka na rage wa kowace daidai da 'yar'uwarta, don na riga na koyi darasin Kiyawa, na murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, shi kuma ya sa ƙaramar giyar da direbobi ke kira fowil, wadda ke sa ƙafafu huɗun su ja tare. A yashi Baba gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Ba ya gudu, ba ya tsayawa, yana bin sawun amalanke kamar an shimfiɗa masa. Na zauna ina kallon ikon Allah, har na fara ce wa kaina wataƙila Habu ne bai iya duba mota ba.

Sai muka zo wata kwana mai kaifi inda yashin ya yi zurfi. Injin ya nemi giya, Baba ya kai hannun dama, tayar gaba ta faɗa cikin sawu ta fizge sitiyarin. Da idona na ga ya zame daga hannunsa na hagu, yatsun suna kai amma ba su riƙe komai ba. Motar ta haura kunya ta shiga gonar mutane, ta tattake riɗin da aka jingina, ta mutu. Ba wanda ya ji ciwo. Amma can gaba kaɗan wata mata ce zaune a gindin bishiya tana ba jaririnta nono, ta miƙe tana salati.

Mai gonar ya taho da lauje a hannu, na ce yau mun shiga uku. Da ya iso ya ga furfurar Baba, sai ya ajiye laujen ya ce, "Sannu Baba, ba ku ji ciwo ba dai? Riɗi ai dama kakkaɓe shi za a yi, kun rage mana aiki." Ya kira maƙwabtansa da wani Bafulatani mai kiwo a gefe, aka taru aka turo motar kan hanya. Na kawo dabino daga kwali na ba su, da ƙyar suka karɓa, mai gonar kuma ya cusa mana damin gyaɗa sabon tono ta taga, wai baƙo ba ya shiga gonarsa ya fita hannu wofi, ko ta wace ƙofa ya shigo. A Dutse da ka taka wa mutum ko bokitin ruwa ne da mota, sai an tara maka jama'a.

Da muka fita yashi muka hau ƙasa mai tauri, na sauka na buɗe ƙafafun gaba na dawo. Zuciyata ta cika da tausayinsa, sai na nemo masa mafita. Na ce wa taga, "An ce in fowil na ciki, sitiyari kan yi gardama a kwana." Gaskiya ne kuwa, yana yi, amma a ƙasa mai tauri. Baba ya ce, "Ba a yashi ba." A haka muka shiga gari.

Gwaggo Tabawa taubashiyar Baba ce, 'yar kawunsa, wato abokiyar wasansa tun suna yara. A duniyar nan ita kaɗai ke iya faɗa masa duk abin da ta ga dama ya haɗiye. Tsohuwa ce 'yar firit, haƙoranta sun yi ja da goro. Tana ganinmu ta tafa hannu ta ce, "Lale da angona! Labari ya riga ku isowa, an ce yanzu noman riɗi kake yi da mota." Baba ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun da muka baro gida, ya ce, "Ke dai har yanzu bakin nan bai mutu ba." Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu, ni kuma na zauna can nesa bakin danga, inda zan ji ba za a ce ina wurin ba.

Ta kawo fura a babbar ƙwarya, cike har baki. Irin ƙwaryar nan sai da hannu biyu. Baba ya karɓa da dama, ya kawo gwiwa ya tokare, ya sunkuya ya sha a haka. Gwaggo ta tsaya tana kallonsa, ta daina dariya. A lokacin ne na gane yadda abin ya ɓoye mana a gida. Da dama mutum ke ci, da dama yake gaisawa, da dama yake miƙa abu ya karɓa. Hannun hagu ba wanda ke kallonsa, sai mota.

Gwaggo ta tsinko gyaɗa ɗaya daga damin da aka ba mu, ta jefa masa a cinya. Ta ce, "Angona, ɓare mini. Da hagu nake so, na ga ƙarfin da za a riƙe ni da shi."

Ya ce, "Wane irin wasa ne wannan?"

Ta ce, "Irin wanda muka saba. Ɓare."

Ya ɗauka da hagu. Ya matsa, ya sake matsawa. Gyaɗar ta suɓuce ta faɗi kan tabarma, ko tsagewa ba ta yi ba. Wata kaza ta zo ta tsaya tana kallonta.

Gwaggo ta zauna a gefen tabarmar, muryarta ta sauka. Ta ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun tsakiyar damina. Na tashi da safe na ji shi kamar ba nawa ba. Na ce zai sake."

"Shi ne ka bi gari gari kana ɗora wa baiwar Allah mota laifi? Ka sa an cika ta da giris?" Ta juyo wajena. "Kai kuma na bakin danga, makaho ne kai?"

Na ce, "Na gani, Gwaggo."

Ta ce, "Ka gani, Habu ya gani, shi ma mai hannun ya sani, kowa ya rufe baki yana jiran wani. Wannan kunyar taku saura kaɗan ta hau kan mai jego yau. Gobe in kun koma asibiti za ka fara zuwa, kafin gida ma in da hali. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Baba ya ce ya ji. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba, kuma ban ji daɗin gani ba ko kaɗan. Na tashi na zagaya bayan gida na tsaya wajen awaki har idona ya bushe.

Washegari bayan mun karya da kunun tsamiya, Baba ya tsaya gaban motar ya daɗe. Ni na ɗauka zai shiga ne kamar kullum, ina ta shirya yadda zan tare shi, kalmomin suna watsewa. Sai ya ce wa Gwaggo, "Gwaji ɗaya ya rage ba a yi ba. A ce wa wancan ya zagaya da ita fili, a ji." Ya ajiye makullin a kan bonet ya matsa gefe.

Na shiga na zauna. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa, ba nawa ba. Na tada ta na fita filin da ake sussuka, na juya hagu har ƙarshe, na juya dama har ƙarshe, na miƙe na sassauta hannu na ga ko za ta ja gefe. Ba ta ja ba. Sitiyarin nan da yatsa biyu ma sai ya juya. Na dawo na tsaya a gabansu na kashe inji.

Baba ya dubi Gwaggo ya ce, "Tambaye shi, ya ya ji ta?"

Gwaggo ta ce, "Ga ka ga shi, ni ba 'yar aike ba ce."

Da na ce akwai ɗan tauri, da ya karɓa, na san da ya karɓa, mu koma gida yadda muka zo. Na sauko na durƙusa, na dubi ƙafafunsa na ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Na sani." Ni ya faɗa wa, ba bango ba. Sannan ya zagaya ta gaban motar ya buɗe ɗaya ƙofar, ya ɗan yi fama da ita don bai saba da hannunta ba, ya shiga ya zauna.

Hanyar dawowa ba ta da labari mai yawa. Mun tsaya an mayar wa tayoyi iskarsu da muka hau kwalta. Baba ya yi ta taka burkin da babu shi a ƙarƙashin ƙafarsa, yana gaya wa gilashi cewa wasu ba su san rami ba sai sun faɗa. Mun bi umarnin Gwaggo, asibiti muka fara zuwa. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa shi taɓawa mara ƙarfi, an yi sa'a bai kayar da shi ba, ya rubuta magani da motsa hannu, ya yi faɗan jinkirin da aka yi, ya kuma ce tuƙi sai dai a haƙura.

La'asar ta yi sanyi muka iso Yalwawa. Daga kan kwanar layinmu na hango majalisar dattawa a ƙofar masallaci, abokansa na shekara da shekaru, waɗanda kullum shi ke wucewa ya danna musu ham. Sai na ji ba zan iya ba. Na ratse gefe na tsaya, na bar injin yana aiki, na buɗe ƙofata. Daga nan zuwa gida miƙaƙƙiyar hanya ce, ko giya ba sai an sauya ba. Na ce, "Baba, ko za ka ƙarasa da ita?"

Ya dubi majalisar, ya dubi hannunsa na hagu da ke kwance a cinyarsa. Ya ce, "Rufe ƙofar. Gara su gani yau, su gama gani."

Na rufe na ja a hankali. Da muka zo daidai su, hira ta tsaya, kowa ya ɗago. Baba ya sauke gilashinsa har ƙasa, ya gyara hularsa, ya fitar da hannun dama ya ɗaga musu. Ba tare da ya juyo ba ya ce mini, "Danna musu ham."